Ciwon gaɓar muƙamuƙi: kyamis, ɗakin gashi ko kujerar likitan haƙori?

Turmina na ƙasa a gefen dama, na biyu daga ƙurya, babu shi yau. Lafiyarsa ƙalau aka cire shi, shekara huɗu da suka wuce, a wani ƙaramin asibitin kuɗi. Na je da ciwon da yake tasowa daga gaban kunne, ya sauko ta kumatu, ya tsaya a kan haƙoran nan. Na nuna wurin da yatsa, aka ƙwanƙwasa, na ce wash, aka kawo allura. Bayan mako biyu dasashi ya warke, ciwon kuwa yana nan daram inda yake. Sai daga baya, a hannun wani likitan, na ji cewa tun farko haƙorin ba shi da laifi. Gaɓar muƙamuƙi ce da naman da yake juya ta.

Ni malamar firamare ce a nan cikin birni, da baki nake neman abinci, daga ƙarfe takwas har azahar ina magana. Tun daga wancan lokaci na taka kusan duk hanyoyin da mai wannan ciwo yake bi a Kano. Na sha ƙwayar kyamis, na yi gashi a asibiti (wato fisiyo, tausa da motsa gaɓa), na kwana da roba a baki, an yi min ƙaho, an ma taɓa yi min maganar tiyata. Yanzu idan wata ta dafe kumatu a ofishin malamai ko a gidan suna ta ce, "Malama, ke da kika sha fama, ina zan nufa?", amsar ba ta fita da kalma ɗaya. Shi ya sa na zauna na shimfiɗa ta. Ma'aunina ɗaya ne, kuma da haƙorina na saye shi: kafin na tambayi ko magani yana aiki, sai na tambayi ko za a iya komawa yadda ake idan bai yi ba.

Sa yatsa a gaban kunnenka, daidai ɗan tudun nan, ka buɗe baki a hankali. Abin da ka ji yana zamewa gaba shi ne kan ƙashin muƙamuƙi, yana fitowa daga gurbinsa a ƙasan ƙoƙon kai. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai siririn faifai mai taushi da yake zama kamar gammo, yana bin ƙashin duk inda ya nufa. Gaɓar biyu ce, hagu da dama, amma ƙashi ɗaya suke riƙe da shi, don haka babu wadda take motsi ita kaɗai. Sai naman tauna: mai kauri a kumatu, wanda yake tasowa idan ka cije, da mai faɗi a gefen kai sama da kunne. Ciwon kan fito daga naman, kuma wannan shi ya fi yawa. Yakan fito daga faifan idan ya goce, sai a riƙa jin ƙas idan an buɗe baki, wani lokaci bakin ya maƙale. Yakan kuma fito daga ƙashin kansa idan amosanin gaɓɓai ya ci shi, sai a ji kamar an zuba yashi a ciki. Tunda tushen ba ɗaya ba ne, abin da ya yi wa maƙwabcinka aiki zai iya ƙin yi maka.

Ciwo ne mai ɓad da kama. Yakan zo a matsayin ciwon kunne, ko ciwon kai na gefe, ko ciwon haƙori kamar yadda ya yi min. Mutumin da sunansa ya daɗe a kan wannan ciwo a littattafan likitoci, James Costen na Amurka, wanda ya yi bayaninsa a 1934, likitan kunne da maƙogwaro ne, domin wurinsa masu ciwon suke fara zuwa. Cibiyar binciken haƙori ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa yana taɓa kashi 5 zuwa 12 cikin ɗari na mutane, kuma ya fi kama mata, musamman daga samartaka zuwa tsakiyar shekaru. Abu biyu za ka iya dubawa a gida. Bakin mai lafiya yana ɗaukar yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba, wajen santimita 4. Sannan ƙarar ƙas da ba ta zuwa da ciwo ko maƙalewa ba ta bukatar magani ko kaɗan. Mutane da yawa suna rayuwa da ita har tsufa.

Akwai yanayin da babu zaɓi a cikinsa, asibiti ne kai tsaye. Ciwon muƙamuƙi da ya zo da nauyin ƙirji, gumi ko numfashi sama-sama, zuciya ake tuhuma. Fuska ta kumbura da zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ta yi wuya: ƙila ruɓaɓɓen haƙori ne ya tara mugunya, tana kuma iya toshe hanyar numfashi. Muƙamuƙi ya sandare kwanaki bayan ƙusa ko tsohon kwano ya ji wa mutum rauni: tetanas ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Dattijon da ya haura 50 ya wayi gari da sabon ciwon kai a gefe, muƙamuƙi yana gajiya yana cikin tauna, gani yana dishi-dishi: kumburin jijiyar jini ne mai iya makantarwa. Haka wanda ya yi hamma bakinsa ya tsaya a buɗe, da wanda ya faɗo daga babur haƙoransa suka daina haɗuwa daidai. Duk wanda bai shiga cikin waɗannan ba, da shi nake magana daga nan.

Kyamis shi ne ƙofar farko ga kusan kowa, saboda yana bakin layi, ba kati, ba jira. Kuma gaskiya ne, ibufurofen ko dikilofenak suna kwantar da gaɓar da ta yi zafi, mutum ya samu ya ci abinci ya yi barci. Amfaninsu na mako ɗaya ne zuwa biyu, a kan abinci, a lokacin da ciwon ya taso. Ni wata uku na yi ina sha safe da dare, har na fara jin wuta a bakin cikina. Waɗannan ƙwayoyi suna cin bangon ciki, suna wahalar da ƙoda, suna ɗaga hawan jini. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, musamman daga wata na biyar, ba nasu ba ne sai da izinin likita. Da azumi kuma kada a haɗa su da kurɓin ruwan farko na buɗa-baki, ciki ba komai. A bari a ci tukuna. Farasitamol ya fi sauƙi a ciki, amma shi ma babba ba ya wuce giram 4 a rana, kuma a ciwon da ya daɗe tasirinsa kaɗan ne.

Abin da na fi tsoro a kyamis shi ne haɗi, ƙwayoyi huɗu ko biyar a farar leda ba suna ba kwali. Sau da yawa akwai deksametazon ko ɗan'uwansa a ciki, wanda yake sa mutum ya ji garau kwana biyu, idan an daɗe ana sha kuma ya kumbura fuska, ya ɗaga suga, ya raunana ƙashi. Tiramadol kuwa, babu ɗan Kano da yake bukatar a gaya masa abin da shi da kodin suka yi wa 'ya'yanmu, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi a 2018. Ciwon da zai yi watanni yana zuwa yana tafiya, ba a tarar sa da ƙwayar da take kama jiki. Akwai maganin da likita yakan rubuta ɗan kaɗan a sha da dare idan ciwon ya daɗe yana hana barci, irin su amitiriftilin, amma wannan da takarda ake karɓar sa, da kuma ranar komawa. A taƙaice ƙwaya tana saya maka kwanaki ne kawai. Ba ta hana ka cije haƙora, ba ta sassauta naman da ya ɗaure.

Hanya ta biyu ba ta cin ko sisi, kuma ita ce mutane suka fi rainawa: hutar da muƙamuƙin. Ranar da likitan nan na biyu ya ce in lissafa masa abin da nake taunawa a rana, na ɗauka tambayar wuce-wuri ce. Da na fara lissafi sai jikina ya yi sanyi. Cingam tun daga hanyar makaranta. Aya a jaka. Rake da yamma idan yara sun sayo. Ƙuli-ƙuli, busasshen dabino, ƙanzo, kilishi idan Abban yara ya shigo da shi, goruba lokacinta. Abincinmu na marmari kusan duka na gwada ƙarfin haƙori ne. Ga masu cin goro abin ninki biyu ne, domin ga tauri, ga kuma sinadarin da yake hana barci, irin wanda yake cikin shayi da kofi, shi kuma rashin barci mai kyau abokin cizon haƙora ne. Har asuwaki: amfaninsa yana nan, sunna ce, amma a jiƙa kan ya yi laushi, kada a wuni ana tauna itacen.

Ba a ce a koma kunu har abada ba. Mako biyu zuwa huɗu ne na abinci mai taushi, mu kuwa Allah ya hore mana shi: tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, fate, alala, ɗanwake mai laushi, fura da nono, ƙwai, kifi, dambun nama maimakon tsire. A yanka loma ƙanana, a tauna da gefe biyu. Daga nan a riƙa dawo da mai tauri sannu a hankali, domin gaɓar da aka daina motsawa gaba ɗaya ita ma sandarewa take yi. Sai gashin gida: tawul a ruwan ɗumi, irin ɗumin da ake sirkawa na alwala da hunturu, a ɗora a kumatu minti 10 zuwa 15, safe da dare. Idan bugu ne sabo, sanyi ake sawa a kwanakin farko. Idan hamma ta zo, a tallafi haɓa da hannu kada baki ya wage har ƙarshe.

Sai abin da ya fi duk waɗannan wuya. Mutumin da yake zaune ba ya ci ba ya haɗiya, bai kamata haƙoransa na sama da na ƙasa su taɓa juna ba. Leɓe a rufe, haƙora a rabe, harshe a kwance a saman baki bayan haƙoran gaba, kamar mai shirin cewa "na". Ban taɓa sanin haka ba sai ina da shekara talatin da ɗoriya. Da na fara lura, sai na kama kaina a cije ina duba jarrabawa, a cije a cikin Adaidaita Sahu a cunkoson Ƙofar Nasarawa, a cije ina lissafin kuɗin cefane. Ga tagumi. Tun muna yara Umma take buge mana hannu ta ce, "Cire tagumin nan, me aka yi miki?" Ita damuwar take gani, amma tagumi yana tura muƙamuƙi gefe guda, nauyin kai duka ya sauka a kan gaɓa ɗaya. Haka maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa ana tuƙa tuwo ko ana auna yadi a Kantin Kwari, haka kwanciya rub da ciki. Ga wanda ciwonsa sabo ne, sau da yawa waɗannan kaɗai sun isa, domin yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi da lokaci ba tare da an yi musu wani babban aiki ba. Aibin hanyar ɗaya ne: tana son haƙuri, kuma babu wanda zai tsaya a kanka.

A nan ɗakin gashi yake shigowa, kuma da za a ce in zaɓi wuri ɗaya da kuɗina ya fi yi min amfani, shi ne. Yawancinmu mun ɗauka gashi na mai shanyewar ɓarin jiki ne ko wanda aka cire wa filasta. Ashe muƙamuƙi ma gaɓa ce kamar gwiwa, kuma masu gashi suna aiki a kanta. Akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, akwai a Asibitin Ƙashi na Dala, Jami'ar Bayero kuma tana yaye masu wannan aiki. Wadda ta duba ni ta sa safar hannu, ta sa babban yatsa a cikin kumatuna, sauran a waje, ta kama naman ta matsa wani ƙulli da ban san yana nan ba. Zafin ya harba har cikin gurbin haƙorin da aka cire. Ta ce, "Hajiya, kin ji shi ko? Ga mai ciwon nan." Hawaye ya zubo min a wurin, ba don zafin kaɗai ba. Ta tausa, ta ja gaɓar a hankali, ta duba wuyana da yadda nake zama, sannan ta koya min motsa jiki: harshe a saman baki, a buɗe a hankali iya inda harshen bai rabu da wurinsa ba, a rufe, sau shida, lokaci shida a rana. Na ɗaura shi a kan salloli biyar da lokacin kwanciya, shi ya sa ban manta ba.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. A ƙarshen 2023 mujallar likitoci ta BMJ da ke Ingila ta fitar da jagora kan ciwon muƙamuƙin da ya wuce wata uku, bayan masana sun tattara gwaje-gwajen da aka yi. Abubuwan da suka fi ƙarfafa a yi su ne motsa muƙamuƙi da miƙe shi a ƙarƙashin kulawa, tausar ƙullin nama, motsa gaɓar da hannun gwani, gyaran zama da tsayuwa, wayar da kan mai ciwo, da zama da masanin halayyar ɗan'adam wanda yake koya wa mutum yadda zai sarrafa damuwa da tunanin ciwo. Wannan na ƙarshe yana da wuyar karɓuwa a wurinmu. Da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai zuciya ta tafi Dawanau, mutum ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Amma duk wadda ta lura za ta ga ciwonta yana tashi ne a makon da kuɗin makaranta ya zo, ko aka samu saɓani a gida. Damuwar gaskiya ce, ciwon ma gaskiya ne, naman kumatu ne yake ɗaukar kayan. Abin da gashi yake ci shi ne lokaci: zuwa da dawowa na makonni, kuɗin mota, neman izini a wurin aiki, layin kati. Sauƙin ba ya zuwa ranar farko. Amma ko bai yi ba, babu abin da ka rasa a jikinka.

Robar baki ita ce abin da likitan haƙori ya fi saurin kawowa, kuma a kanta ra'ayina ya rabu biyu. Ana auna haƙoranka da wani abu kamar ƙullu, a ƙera maka faranti mai tauri da yake rufe haƙoran sama ko na ƙasa gaba ɗaya, kana sawa da dare. Ga mai niƙa haƙora cikin barci, wanda mai ɗakinsa take jin ƙarar, wanda yake tashi da asuba kumatu a gajiye kamar ya kwana yana cin rake, wanda haƙoransa suka fara cinyewa suna guntulewa, robar tana da aiki bayyananne: ita take cinyewa maimakon haƙori. Wannan babu jayayya. Inda maganar take da rauni shi ne kashe ciwo. Jagoran nan na 2023 bai sa ta cikin abin da yake ƙarfafawa ba ga ciwon da ya daɗe, domin shaidar amfaninta ba ta da ƙarfi. Ni ta rage min nauyin safiya, ba ta taɓa ciwon yamma ba, domin nawa cizon da rana nake yin sa.

Idan za a yi ta, a yi ta daidai. Ta rufe haƙora duka, domin wadda take rufe wasu ta bar wasu, ko wadda ake wuni da ita a baki, tana iya sauya zaman haƙora. A koma a gyara ta idan tana danna wuri ɗaya. Mai laushin nan ta 'yan dambe da ake saya a tsoma a ruwan zafi a cije, araha ce, amma wasu tana ƙara musu sha'awar tauna cikin barci. Kuma zafin Kano ba ya raga mata: tawa ta farko na bar ta a taga da bazara, na dawo na tarar ta karkace. A wanke ta da ruwan sanyi, a ajiye a inuwa. Ta fi gashi tsada a biya ɗaya, don haka ma'aikacin jiha da yake cikin tsarin KSCHMA, wato taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, ko na tarayya da yake cikin inshorar lafiya ta ƙasa, ya fara tambayar abin da tsarinsa ya ɗauka kafin a auna shi.

Na gargajiya ba zan yi masa kuɗin goro ba. Inna ce ta matsa aka kira wanzami ya yi min ƙaho a bayan wuya, ta ce sanyi ne ya taru. Na ji sakayau kwana biyu, ciwon ya dawo. Man zafi da tausa a hankali ba su da laifi, kusan abin da ɗakin gashi yake yi ne a sauƙaƙe, in dai an nisanta man daga ido da cikin kunne. Tofi da addu'a kuwa ba sa karo da kowace hanya, ban taɓa barin su ba. Abin da nake roƙo a guje wa uku ne: tsaga a fuska, ɗiga wani abu a kunne alhali kunnen lafiyarsa ƙalau, da bari mai ɗori ya ja muƙamuƙi da ƙarfi. Wannan gaɓa ba ta ƙafa ba ce, ƙashinta siriri ne daidai ƙasan gaɓar, kuma jijiyar da take motsa fuska a nan kusa take wucewa.

Saura hanyoyin da ba a dawowa. Cire haƙori mai lafiya, goge saman haƙora wai don cizo ya daidaita, sa wayar gyaran haƙora da sunan maganin ciwon, da yanka gaɓar. Tsohon tunani, tun zamanin Costen, shi ne rashin daidaiton haƙora ne tushen ciwon, don haka a gyara haƙora ciwo ya tafi. Bincike na shekaru bai tabbatar da haka ba, kuma tun 1996 wani taron masana da cibiyar lafiya ta ƙasar Amurka ta kira ya ba da shawarar a fara da hanyoyi masu sauƙi waɗanda ake iya janyewa. Ba a banza suka faɗa ba. A shekarun 1980 an sa wa dubban mutane a can, yawancinsu mata, wani faifan roba na kamfanin Vitek a madadin nasu na halitta. Robar ta riƙa farfashewa a cikin gaɓa tana cin ƙashi, har hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta fitar da gargaɗi a 1990 aka janye ta. Garin neman gira aka rasa ido. Ni kaina bayan an cire min turmi na koma tauna da hagu kaɗai, ba a yi wata shida ba hagun ma ta fara ƙara.

Kada a fahimce ni a karkace: akwai inda wuƙa rahama ce. A Arewa muna da yaran da suka faɗi a kan haɓa suna ƙanana, ko ciwon kunne ya ci gaɓar, ko cutar noma mai cin fuska ta kama su, ƙashin muƙamuƙi ya manne da na kai, yaro ya girma bakinsa ba ya ɗaukar ko cokali. Saboda masu cutar noma aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Irin wannan mannewa babu tawul ko roba da za ta buɗe ta, sai tiyata, sai kuma gashi mai tsawo bayanta. Haka karaya, haka ƙari. A tsakiya kuma akwai wankin gaɓa, inda ake sa allura biyu a wanke cikinta da ruwan gishiri, wanda likitocin tiyatar fuska da muƙamuƙi suke yi wa wanda bakinsa ya maƙale ya ƙi sakewa bayan an gwada sauran. Waɗannan likitoci suna nan a asibitin Malam Aminu Kano. Bambancin shi ne a can hoto ya nuna abin da ya lalace, an san abin da za a gyara. Tiyata don ciwo kawai, alhali baki yana buɗuwa, wata magana ce daban, kuma ni ba zan sa hannu a takardar ba sai likita na biyu ya duba ni.

To wa zai bi ina? Wanda ciwonsa bai kai wata ba, baki yana buɗuwa, babu kumburi: abinci mai taushi, ruwan ɗumi, raba haƙora, da ƙwaya ta 'yan kwanaki idan cikinsa da ƙodarsa lafiya. Idan mako uku ko huɗu suka wuce babu sauyi, likitan haƙori, a asibitin Murtala ko na Malam ko duk inda ya samu ƙwararre, amma da niyyar a duba, ba da niyyar a cire ba. A ce masa, "Likita, don Allah a ɗauki hoton haƙorin, a kuma taɓa min naman kumatu da gaban kunne." Idan haƙorin ne, hoto da gwaji za su nuna, a yi masa aiki da hujja. Idan ba shi ba ne, a nemi takardar zuwa gashi. Mai niƙa haƙora da dare ya ƙara da roba don ya tsira da haƙoransa. Wanda ciwonsa ya wuce wata uku, ya haɗu da rashin barci, ciwon kai da ciwon wuya, shi ne ya fi kowa bukatar haɗa gashi da maganar damuwa, kuma shi ne ya fi kowa faɗawa hannun mai alkawarin warkarwa a zama ɗaya, domin ya gaji. Na san wannan gajiyar. Ita ce ta zaunar da ni a kujerar nan na buɗe baki ba tambaya.

A watan jiya ƙanwata ta kira ni daga Hotoro da daddare, muryarta a shaƙe. Ta ce, "Yaya, kunnena da haƙorina na hagu, kwana biyar ke nan, gobe zan je a cire shi in huta." Na ce ta sa yatsu uku a bakinta, suka shiga. Na ce ta danna kumatunta daidai inda yake tasowa idan ta cije. Na ji ta ja numfashi. Na tambaye ta jarrabawar ɗanta yaushe ce, ta ce ranar Litinin. Da safe na bi ta muka je tare, aka ɗauki hoto, haƙorin ba ko ɗigon rami. Ta dawo gida da takardar gashi, na tsaya a hanya na saya mata ƙaramin tawul, na karɓe ledar ayar da take cikin jakarta.